Libarbata tana bugun ƙasa: in rage saitin gaba ko in bar shi?

Bala Houston: Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu harbin bara a cikinmu. Libarba ce .38 Special, ta hannu, bututunta inci 4. Saitinta kafaffe ne: na baya tsagi ne kawai a saman firam, na gaba kuma a haɗe yake da bututu, babu fil babu sukuru. A yadi 25 harsasan suna taruwa wuri guda, sai dai inci 5 ƙasa da inda na auna. Hagu da dama lafiya lau. Zan iya rage tsawon saitin gaba a gida? Nawa ake cirewa?

Injiniya Habu: Wa alaikumus salam Malam Bala. Ana yi, kuma alƙiblarka daidai ce: bindigar da take bugun ƙasa saitin gabanta ake ragewa, wadda take bugun sama kuma ƙara masa tsawo ake yi. Dalili shi ne in saitin gaba ya gajarta, dole ka ɗaga bakin bindiga kafin kansa ya daidaita da kafaɗun tsagin baya. Amma ajiye magagari tukuna. Wane nauyin harsashi kake harbawa?

Bala Houston: Giren 125 ne, Injiniya, wani lokaci 110.

Injiniya Habu: To ga rabin matsalar nan. Libarbobin .38 Special masu kafaffen saiti, musamman irin na 'yan sandan Amurka na da kamar Smith & Wesson Model 10, an daidaita su ne da harsashin dalma mai giren 158. Bindigar hannu tana fara ɗaga baki tun harsashi bai fita ba. Harsashi mai nauyi yana tafiya a hankali, yana daɗewa cikin bututu, shurinsa kuma ya fi ƙarfi, saboda haka kafin ya fita baki ya riga ya ɗaga sosai, sai ya buga sama. Mara nauyi da sauri yake ficewa kafin bakin ya ɗaga, sai ya buga ƙasa. Shi ya sa in ka ɗora rula daga kan saitin baya zuwa na gaba za ka ga bututun yana ɗan kallon ƙasa. Da gangan aka yi. Ka nemo kwali ɗaya na 158 ka sake gwadawa. In ka gurje saiti domin 110, ran da ka koma 158 sai ta riƙa bugun sama, ƙarfen da ka cire kuma ba ya dawowa.

Malama Rabi: Ni ma in ƙara tambaya biyu kafin a kai ga ƙarfe. Na ɗaya, ina kake ɗora kan saitin? Baƙin da'irar takardar B-8 da ake harbi a yadi 25 faɗinsa kusan inci 5.5 ne. In kana ɗora kan saiti a gindin baƙin, irin riƙon da ake kira na ƙarfe shida na agogo, alhali kana jiran harsashi a tsakiya, to inci 2.75 na kuskuren daga riƙonka ya fito. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai: ko tsakiya, ko gindi.

Na biyu, zabura. Mai harbi da hannun dama in yana tsoron ƙara yakan danne baki ƙasa da ɗan hagu daidai lokacin da kunama za ta saki, kuma shi ba ya ji. Gwajinsa da libarba ba shi da wuya. A filin harbi, ka sa harsasai masu rai 3 da kwanson da aka riga aka harba 3, ka juya silinda ba tare da ka kalla ba, ka rufe ta da hannu a hankali, bakin yana kallon wurin bara. In hama, wato 'yar gudumar da ke dukan gindin harsashi, ta faɗa kan kwanso ka ga saiti ya duƙa, to hannu za a gyara, ba saiti ba. Ka kuma ba wani gwani ya harba 5 ya gani.

Bala Houston: Tsakiya nake riƙewa, Malama. Zan yi gwajin kwanson, in kuma nemo 158 ɗin.

Alhaji Mamman: Ni dai ra'ayina a bar saitin nan yadda yake. In da 158 ya sauko zuwa inci biyu ko uku a yadi 25, ba abin taɓa ƙarfe ba ne. Ka san inda take bugawa, ka ɗan ɗaga kan saiti sama da kafaɗun tsagi, shi ke nan. Kuma in tsohuwa ce mai daraja, irin Colt Single Action Army na farko-farko da aka soma yi a 1873, gurza ɗaya ta zubar mata da kuɗi. Masu tara tsofaffin bindigogi saitin gaba suke fara dubawa.

Injiniya Habu: Ranka ya daɗe, maganar tsohuwa mai daraja na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Wannan ba a taɓa ta. Amma ɗaga kan saiti da ido ina da ja. Abin da za ka ɗaga ɗin bai fi rabin milimita ba, ido ba ya iya maimaita shi daidai sau goma a jere, musamman in haske ya canza. Gungun harsasan zai miƙe sama da ƙasa. Bindigar aiki da aka yi dubbai irinta, in an tsayar da harsashi ɗaya, gara a gyara ta sau ɗaya a huta.

Bala Houston: Na dawo da sakamako. Da 158, daga kan buhun yashi, gungu 3 na harsasai biyar-biyar: tsakiyarsu inci 3 ƙasa. Gwajin kwanso bai nuna duƙawa ba. Tsakanin saitin baya da na gaba na auna inci 5.8.

Malama Rabi: Me ka ɗora a kan buhun? In bututu ko gindin mariƙi ne yake zaune a kan abu mai tauri, shurin ya canza, inda take bugawa ma ya canza. Wuyan hannu ake ɗorawa, bindigar tana iska, riƙo kuma da ƙarfin da ka saba yi a tsaye. Sassauta riƙo yana sa ta buga sama, matsewa sosai yana sa ta buga ƙasa. Kuma ka nisanta buhu da yatsu daga ratar da ke tsakanin silinda da bututu, wutar da ke fita nan tana yanka.

Bala Houston: Wuyan hannu ne. Na kuma harba a tsaye, wuri ɗaya ta buga.

Injiniya Habu: Madalla, yanzu an zo wurin lissafi. Kuskure a takarda, sau tazarar saiti biyu, raba da nisan bara, duka a ma'auni ɗaya. Yadi 25 inci 900 ne. To 3 sau 5.8 ya ba da 17.4, raba da 900 ya ba da inci 0.019. Abin da za a cire ke nan gaba ɗaya, kusan milimita 0.49. Takardar firinta guda kaurinta wajen inci 0.004 ne, wato duk aikin bai kai kaurin takarda biyar ba. A bindigarka duk inci 0.0064 da ka cire yana ɗaga harsashi inci guda a yadi 25.

Kayan aiki: magagari mai laushin haƙori, shimfiɗaɗɗe, na inci 6, sabo in da hali, alli, burushin waya na share magagari, kalifas na dijital mai nuna 0.001, salatif na fenti, bayis mai fata ko katako a muƙamuƙinsa, samfefa 400 da 600, maka baƙa, da ruwan baƙanta ƙarfe.

Da farko a fitar da harsasai, a leƙa ramukan silinda ɗaya bayan ɗaya, a kai harsasan wani ɗaki. In ka iya cire silinda, cire ta. Toshe bakin bututu da salatif don kada garin ƙarfe ya shiga. Naɗe bututu da salatif ninki 3 ko 4 gaba da bayan saiti, don magagari in ya zame, fatar bututu yake ci. A bayis bututu ake kamawa, ba firam ba. Matse firam ta wajen tagar silinda yana iya lanƙwasa shi.

Sai awo. Ka sa muƙamuƙin kalifas ɗaya a ƙarƙashin bututu, ɗayan a kan saiti, ka yi alama da maka a daidai wurin da ka auna a ƙasa don kullum nan za ka koma. Auna sau 3, rubuta lambar. A ce 0.985 ta nuna. Inda za ka tsaya na ƙarshe 0.966 ne, amma zagayen farko rabi kawai za ka ci, ka tsaya a 0.975.

Shafa alli a haƙoran magagari don kada garin ƙarfe ya maƙale ya karce maka aiki. Baƙanta kan saitin da maka. Riƙe magagari da hannu biyu, a kwance sosai, ka tura gaba kawai, ka ɗaga shi in za ka dawo. Bayan turi biyu duba makar: in ta goge gefe ɗaya ta bar ɗaya, hannunka ya karkata, gyara tun yanzu. Bayan turi uku auna, nan za ka san abin da magagarinka yake ci a kowane turi. Da ka kai rabin, tattara ka koma filin harbi da harsashin nan dai, nisan nan dai. Sabon kuskuren da ka gani shi za ka sake sa wa a lissafi.

Ɗan Damagaram: Ga mu masu mita: abu ɗaya ne. Mita 25 milimita 25,000 ce. Tazarar saiti 147, kuskure 75, sai 75 sau 147 raba da 25,000, ya ba da milimita 0.44. Kada dai a haɗa inci da milimita a lissafi guda. Injiniya, me ya sa rabi? In lissafin daidai ne ai a ci duka.

Injiniya Habu: Lissafin daidai ne, lambar da aka ba shi ce ba ta da tabbas. Tsakiyar gungun harsasai 15 tana iya kaucewa da rabin inci ko fiye. Sannan sabon ƙarfe fari yana ƙyalli, ƙyalli kuma yana cinye kan saiti a ido, sai mutum ya ɗaga baki bai sani ba, ta buga sama fiye da yadda aka lissafa. Shi ya sa kafin gwaji a baƙanta kan da maka ko hayaƙin ashana. Ga kuma samfefa da za ta biyo baya, ita ma tana cin 0.001 ko 0.002. In ka ci duka a tashi ɗaya ka zarce, gyaran zarcewa ya ninka wannan aikin wahala sau goma.

Usman Makeri: In sa baki kan siffar kan saitin, don nan aka fi ɓata aiki. Kai ya zama shimfiɗe daga hagu zuwa dama. In ya karkata ko kaɗan, ido zai bi karkatar, mai harbi ya riƙa kwantar da bindiga ba da saninsa ba, sai matsalar hagu da dama ta ɓullo inda da babu. Daga baya zuwa gaba kuwa a ɗan zubar da shi wajen baki, digiri biyu zuwa biyar, yadda gefen da ke kallon idonka shi ne mafi tsawo. Ta haka ido yana ganin layi ɗaya mai kaifi, ba ya ganin saman da haske ke kwanciya a kai. In aka zubar da shi ta baya, wajen ido, kullum rana za ta riƙa haska maka shi.

Kada a dulmuye gefen bayan nan da samfefa. Naɗa samfefar a jikin magagari ko guntun ƙarfe mai shimfiɗa, ba a yatsa ba, yatsa yana zagaye kusurwa. Gashin ƙarfen da ya tashi a gefe kawai za a share da shafa ɗaya ko biyu.

Wani abu kuma: saitin da yake siriri a sama mai kauri a ƙasa, irin na Single Action Army da kwafinsa na Italiya, in ka rage shi kansa yana ƙara faɗi. A 0.019 ba za a lura ba. Amma wanda zai ci 0.050 ko fiye zai ga hasken da ke gefe-gefen saiti a cikin tsagi ya ragu, sai an ɗan rage kaurin daga ɓangarori biyu daidai wa daida. In ɓangare ɗaya aka ci, harsashi ya tafi gefe.

Baƙantawa: wanke da asitón ko barasar goge-goge har mai ya fita tas, ɗan ɗumama da na'urar busar da gashi, ɗiga ruwan baƙanta ƙarfe irin Oxpho-Blue ko Perma Blue da audugar kunne, bar shi kamar minti ɗaya, goge da ruwa, shafa da ulun ƙarfe 0000, maimaita sau 2 ko 3, sannan mai, a bar shi ya kwana. A sa safar hannu, ruwan guba ne. Ba ya kama ƙarfe mara tsatsa ko alminiyam. Waɗannan sai fenti baƙi mara ƙyalli.

Sani Kano: Malamai, mu da muke gida fa? Akwai mai wannan aikin a nan?

Shugaban zaure: Malam Sani, maganar nan ta waɗanda ke zaune inda doka ta ba su damar mallakar bindigar hannu ce, kamar yawancin jihohin Amurka. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa, gyaran bindiga ma sai da izini. Kada kowa ya nemi a haɗa shi da mai gyara ta wannan zaure. A ci gaba.

Garba Ohio: Tawa akasin ta Malam Bala ce. Kwafin Colt 1851 Navy ce mai ɗurin albarushi, .36, tana buga kusan inci 10 sama a yadi 25. Wani ya ce in zurfafa tsagin da ke kan hama, wanda shi ne saitinta na baya.

Usman Makeri: Bugun sama halin irinsu ne, da 1851 da 1860 Army duka, saitinsu na nesa ne, ba na yadi 25 ba, na gaban 1851 kuma ɗan tsinin tagulla ne gajere. Zurfafa tsagi kaɗai ba ya sauke komai, don da kafaɗun tsagi kake daidaita kan saiti, ba da gindinsa ba. Sai in an rage tsawon hancin hamar kansa sannan a sake yanka tsagi, abin da za a samu a nan kuma kaɗan ne, ga hamar da tauri a fata, magagari zamewa yake yi. Yi lissafi ka gani: a ce tazarar saitinka inci 10 ce, 10 sau 10 raba da 900, inci 0.111. Hama ba ta da wannan naman. Gaba za a ƙara.

Tsinin tagullar a matse yake cikin rami mara zurfi a saman bututu. Ana kama shi da filaya a murɗa a zare. Sai a samo sandar tagulla mai kaurin da ya ɗan ɗara ramin, a rage gindinta har ta shiga da ɗan bugu, a wanke ramin da asitón, a sa ɗigon gam mai haɗi biyu, a buga ta a hankali. A bar ta da tsawon da ya wuce lissafi da 0.030, yadda bindigar za ta koma bugun ƙasa, daga nan sai a bi hanyar da Injiniya ya faɗa. Kada a ƙara zurfin ramin da diril, naman da ke tsakaninsa da cikin bututu ba shi da yawa.

Alhaji Mamman: To wanda ya zarce da gurza a saitin da ke haɗe da bututu fa? Na ga ana cewa a ɗora J-B Weld, gam ɗin nan mai haɗi biyu.

Injiniya Habu: Na gwaji ne, Alhaji. A karce kan saiti, a wanke, a yi masa shinge da salatif gefe biyu, a zuba, a bar shi awa 24, a gyara da magagari. Zai nuna maka ainihin tsawon da kake bukata. Amma siririn gam a kan ƙarfe mai faɗin inci 0.125 ba ya jure shiga da fita a kube, wata rana zai ɓalle.

Usman Makeri: Mai ɗorewa hanya uku ce, kuma biyu ba na gida ba ne. Ko a ɗiga walda ta TIG a kai a sake fitar da siffa, ko a yanke saitin a bar gindinsa, a tsaga shi da injin, a sa sabon fallen saiti da fil. Waɗannan a kai wa maƙerin bindiga. Ta uku liƙa guntun ƙarfe da dalma mai azurfa irin Hi-Force 44, wadda take narkewa wajen digiri 245 na Salsiyas. Wannan zafin bai kai ya taɓa ƙarfin bututu ba, amma ruwan da ake shafawa don dalma ta kama yana cin baƙin bindiga duk inda ya ɗiga, dalmar kuma ba ta karɓar baƙi, farin layi zai rage. Jan liƙi na azurfa mai bukatar sama da digiri 600 ban ba kowa shawarar yi a gida ba: baƙin wurin ya tafi, cikin bututu kuma yana iya yin ɓawo.

Malama Rabi: Masu saitin baya mai sukuru kada su ɗauka wannan duka ya shafe su. In sukurun ya ƙure bai isa ba, Smith & Wesson suna da fallayen saitin baya masu tsawo daban-daban, .126, .146, .160, a canza shi kawai. Ruger GP100 mai saitin sukuru kuwa na gabanta da sifirin yake: a danna ɗan fil ɗin da ke saman baki ciki, a ɗaga saitin ya fito, a sa wani. Wanda ke da irin wannan ya sayi na canji ya gurje shi, ya ajiye na asali.

Garba Ohio: Saitin gaba mai fil a gicciye fa, kamar na wasu libarbobin Smith & Wesson 686?

Usman Makeri: Fil ɗin siriri ne, inci 0.055, bakin diril lamba 54 ke daidai da shi. A fitar da shi da abin bugu mai kai daidai girmansa, bututu yana kwance kan katako, salatif kewaye da ramin. Sabon saiti yawanci ba shi da huji. In bai shiga tsagi ba, ƙafarsa ake ragewa, ba tsagin bututu ba. In ya zauna daram babu haske a ƙarƙashinsa, a danne shi da matsi, a huda rabi daga dama, rabi daga hagu, su haɗu a tsakiya, da mai, a hankali, ana fitar da bakin ana share gari. Hudawa daga gefe guda har ta fita ita ke sa baki ya kauce ya faɗaɗa ramin ɗaya gefen, ko ya karye a ciki. A sayi baki 2 ko 3 tun farko.

Ɗan Damagaram: Masu gajeren bututu su ƙara hattara. Mai inci 2 tazarar saitinta wajen inci 3.5 ce, wato 0.004 kacal ke motsa harsashi inci guda a yadi 25. Turi biyu na sabon magagari na iya kai wannan. Kuma kada a yi awon a yadi 7: kuskuren rabin inci a can ya zama kusan inci 2 a yadi 25.

Bala Houston: Allah ya saka da alheri. Na ci 0.010, na baƙanta da maka, na gwada da 158. Saura inci 1.25 ƙasa. Lissafi ya ba ni 0.008. In ci duka?

Injiniya Habu: Ci 0.005 da magagari, ka bar wa samfefa 0.001 zuwa 0.002, ka baƙanta, ka sake harba gungu 3. In saura rabin inci ko ƙasa da haka, tsaya nan. Bambancin kwalin harsashi da wani kwalin ma yana kai wannan. Kafin ka mayar da silinda, cire salatif ɗin baki, ka zura tsumma mai ɗan mai cikin bututu sau biyu, ka goge ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwanso, don garin ƙarfe in ya shiga nan silinda ba ta rufuwa daidai.